Ku Dawo Ku Gwada Bidiyonku a Ɗakin Haihuwa

Zuwa ga Farfesa, shugaban tawagar jami'a masu binciken aika bidiyo ta intanet, waɗanda suka zaga ƙauyukan Gwarzo da Kabo a daminar bara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ya aiki, ya iyali, ya ɗalibanka da suka sha caɓin hanyarmu? Allah ya sa kowa yana lafiya, amin.

Sunana Hadiza, ungozoma ce ni a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke cikin kwari, gaba da Durun kaɗan. Shekarata goma sha huɗu a wannan asibiti, kuma ni kaɗai ce mace a cikin ma'aikatansa. Idan ba ka gane ni ba, ni ce matar da ta dama muku fura ranar da kuka zo, har ka ce a ƙara sukari. Na aiko takarda sau biyu ta hannun ofis, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa yau na fito fili.

Ranar da kuka zo, ɗalibarka Injiniya Maryam ta zauna da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce hukumar da ke sabunta mana takardar izinin aiki tana so ta daina tara mu a Gwarzo don horo, a mayar da horon bidiyo mu kalla a waya. Ku aka ɗora wa gina hanyar da bidiyon zai bi ya iso mu, da auna ko sabis ɗinmu zai ɗauka. Ta ce ana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, waya tana karɓar ɗaya bayan ɗaya, idan sabis ya yi rauni sai a aiko gunduwa marar nauyi don kada kallo ya tsaya. Na yaba hikimar a lokacin, yanzu ma ban fasa yabawa ba. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, zan fara da laifinmu, don kada ka ce na ɗora muku kaya ni na tsame hannu. Da kuka ce a nuna muku inda za ku gwada, mai unguwarmu ya jawo ni gefe ya ce, "Hadiza, baƙi ne daga birni, kada ki tsayar da su a kwarin nan su ga tsiraicinmu. Kai su tudu." Ni ma hakan ya kwanta mini. A wajenmu baƙo ake shimfiɗa wa tabarma mai kyau, shi ake yanka wa zakara ko da gida zai kwana da miyar kuka. Na shige gaba na kai ku gindin ɗorawar da ke kan tudu bayan makarantar firamare, wuri ɗaya tilo da sabis yake tsayawa a garin nan. Bidiyonku ya gudu tar kamar talabijin. Ka tambaye ni ko haka yake a ko'ina, na ce, "Alhamdulillahi, muna samu." Ranar wanka ce, muka ɓoye cibi. Ku ma dai da sauranku, Farfesa: mota ta ajiye ku a ƙofar asibiti, kun sha fura a barandarsa, amma babu wanda ya ciro waya ya duba a nan.

Na biyu, bayan kun kai rahoto aka soke horon Gwarzo, aka turo mana darasi goma sha biyu. A ɗakin da nake aiki, abin da nake kallo kullum shi ne ɗan zoben nan da yake juyawa a tsakiyar waya. Na haddace shi fiye da fuskar malamar da ke koyarwa. Idan aka yi sa'a ya buɗe, sai dabarar nan taku ta rage nauyi ta fara aiki, hoto ya dagule kamar an zuba wa rubutun allo ruwa. Darasi na bakwai a kan jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba ne. Malamar tana cewa a sa yatsu nan, a ɗaga haɓa haka. Muryarta tana zuwa, amma "nan" ɗin da "haka" ɗin duk sun zama dusu-dusu, ban iya bambance yatsa da ƙirjin 'yar tsanar da take gwaji da ita ba. Wataƙila a lissafinku an ci nasara tunda kallo bai tsaya ba. Ni ban koyi komai ba, kuma a aikina inda yatsa ya sauka shi ne darasin gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba a yarda a sauke bidiyon a ajiye ba, wai don a tabbatar mun kalla da kanmu. Idan kuma sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, sai a mayar da mutum farko, duk abin da ya kalla ya bi ruwa. Gaisuwar da malamar take yi a farkon darasi na bakwai na ji ta har na daina amsawa.

Na uku, za ka ce to in koma tudun mana. Na koma. Darasi shida na farko a can na yi su, ina satar jiki bayan la'asar idan asibiti ya yi shiru. Wata Alhamis ina zaune a gindin ɗorawar, na kusa ƙarshen darasi na bakwai a karo na farko, sai kira ya shigo. Malam Iro ne, abokin aikina mai ba da magani. Ya ce, "Malama, ki sauko maza, an kawo mai naƙuda, kai ya fito!" Na kwasa da gudu, takalmi a hannu. Kafin in isa ta haihu a baranda, surukarta ta kare ta da mayafi, Malam Iro yana tsaye ya juya baya yana salati. Allah ya tsare, yaro ya yi kuka da kansa. Ina yanke cibiya ina tunanin cewa da bai yi kukan ba, ni ina kan tudu ina koyon yadda ake ceto shi. Da na duba wayar daga baya, kiran ya katse bidiyon, an mayar da ni gaisuwa.

Tun ranar ban sake hawa tudun a lokacin aiki ba, kuma ba ni da wani lokaci da ba na aiki ba. Gidana a harabar asibitin yake, naƙuda kuwa ba ta sallama. Malam Iro ya gama nasa horon tuni, domin a Gwarzo yake kwana, kullum babur ya mayar da shi inda sabis yake. Ya yi mini tayin ya tafi da wayata ya kunna ta a gidansa ta yi ta karatu ita kaɗai, na ƙi. Ba takardar kawai nake so ba, ina so in ga inda yatsan yake sauka. Ya ce in nemi hutun kwana uku, na nema, aka ce sai an samu wadda za ta riƙe wurin, kuma babu ita.

Na huɗu, an rubuto mana cewa duk wadda ba ta kammala ba kafin ƙarshen wata mai zuwa, ba za a sabunta izininta ba, kuma ba ta da ikon karɓar haihuwa a asibitin gwamnati. To ka ga inda nake. In na zauna da masu naƙuda, izini ya tafi. In na hau tudu neman izini, na bar su a baranda. Gaba kura ke nan, baya sayaki. Ina jin tsoro, Farfesa, kuma na gaji. Matan garin nan ba za su yarda namiji ya karɓe su ba. Shekaru na yi ina bin gida-gida kafin su yarda su fito daga ɗaka su zo asibiti. Ranar da aka ce babu ni, ɗaka za su koma, domin hanyar Gwarzo da damina ba ta mai naƙuda ba ce.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah, ka turo a sake aunawa, wannan karon a cikin ɗakin haihuwa, kusa da gado, ƙofa a rufe. A bi sauran ƙauyuka ma, domin na tabbata ba mu kaɗai muka yi muku karar baƙo ba. Duk inda kuka je aka ce muku "alhamdulillahi," ku ƙara tambaya.

Ina roƙo a bar mu mu sauke darasi mu ajiye, ko a zuba mana a ɗan katin memori na waya a aiko. Idan tsoron maguɗi ake yi, a zo a ajiye mini 'yar tsana a gaba a ce in nuna. Idan hakan ya gagara, a koya wa na'urarku ta tuna inda mutum ya tsaya. Kuma idan sabis ya yi rauni, gara ta dakata ta aiko hoto ɗaya tsayayye mai haske da ta ci gaba da gudu da hazo. Mu ba wasan kwaikwayo muke kallo ba, za mu jira.

Na ƙarshe shi ne mafi gaggawa. Ka rubuta wa hukumar da hannunka ka ce awon da aka yi a garinmu bai cika ba, a ɗaga mana wa'adi. Maganarka suka ji suka rufe horon, maganarka za su ji su sassauta. Ka sa sunana a ciki ka ce ni na ɓatar da ku, ba zan musa ba.

Jiya Talata ranar awon ciki ce. Wata yarinya mai cikin fari, wadda lissafinta ya faɗa mako biyu bayan wa'adin, ta riƙe mini hannu bayan na gama duba ta. Ta ce, "Inna Hadiza, ke za ki karɓe ni ko? Ni ke na sani." Na shiga gyara zanen gado kamar ban ji ba. Za ta dawo awo Talata ta sama, kuma za ta sake tambaya. Ina so ka taimake ni da abin da zan gaya mata.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya yi wa zuri'arka albarka, ya sauki matan gidanka lafiya duk ranar da tasu ta zo. Ka gaishe mini da Injiniya Maryam, ba ni da haushinta ko kaɗan.

Wassalam, ina sauraron amsarka kafin Talata.

Hadiza Ungozoma,
daga ƙasar Kabo.