An Shuka Gero a Filin Makaranta

Sabo, Ibadan
Agusta, 1998

Yaya Sabiru,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? A gaishe min da mutanen Karakkai duka.

Jiya Malam Bello mai shanu ya sauka nan, ya ce min an shuka gero a filin makaranta. Ina cikin tuƙa tuwo na ajiye muciya. A nan na gane ba za a gina ta ba.

Ka tuna gayyar bara da rani, kuna yin tubali muna ɗebo ruwa? Aka ce kada a ɗora ko ɗaya sai masu awo sun zo daga Gusau, su kuma wai taswirar ginin tana Sakkwato tun da aka raba jiha. Muka jira. Damina ta narkar da tubalin, ta kuma kayar da bangon tsohon zauren da aka ara wa yara don karatu a kan 'yata Bara'atu, ta rasu.

Ni lafiya lau nake. Hajiyar da nake yi wa girki tana da kirki, barci ne dai ba ya samuwa.

Malam Bello ya ce an yaɓe bangon, yara sun koma ciki. Don Allah, Yaya, in hadari ya haɗo, ka je zauren ka ɗauko min 'yata Husna. Kada ka cire ta daga makarantar, tana son karatu. Ita kaɗai ta rage min.

Allah ya saka maka da alheri. Har yau ko turken awo ba a kafa ba.

Ƙanwarka,
Kulu