Kwanon Bukar Bai Taɓa Komawa da Saura Ba

Zuwa ga aminina Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, sai dai ka juya ta sama da ƙasa, ka miƙo mini, ka ce Mushe, yadda ake kiran mu malaman boko, karanta, idona na gona ne. Yau ba mai karanta maka, ni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana in ba kai ba. Ka yi haƙuri ka saurara. Ai ba inda za ka.

Akwai wata magana da na taɓa ji a kanka, ban yarda da ita ba. Ranar Talata ce a kasuwar Diffa. Sale mahauci, wanda kake sayen tsire wurinsa, ya jawo hannun rigata ya ce abokin nan nawa Babarbare abinci ba ya wuce masa wuya. Ya ce ya ga ka sa tsoka a baki, ka tauna, ka tauna, sannan ka juya baya ka tofar a tafin hannu. Na yi dariya, na ce masa naman nasa ne, ko kura aka ba sai ta tofar. Ta yaya zan yarda? Mutumin da kullum bakinsa yana cikin tukunya?

Ka tuna yadda muka fara. An turo ni daga Damagaram koyarwa a lekol, makarantar boko, na kama ɗaki a bayan gidanka. Matata Hadiza ta rasu, ƙanwarta ta kwashe yara ta koma da su gida, na zama gwauro da furfura a gemu, ban san gaban tukunya da bayanta ba. Kai kuwa ka yi ƙuruciyarka a tafkin Chadi cikin masunta, inda namijin da bai iya girki ba sai ya ci ɗanyen kifi. Ranar da ka ga tuwon da na tuƙa, ka ce in ajiye shi, za ka toshe ɓarakar kwalekwale da shi. Daga nan muka riƙa zama a zaurenka bayan magariba, kana koya mini naku, ina koya maka abin da na tuna na hannun Hadiza.

Har yau ina yin miyar banda yadda ka ce. A jiƙa kifin a ruwan zafi, yashi ya kwanta, a zare ƙaya da hannu. A soya albasa da man shanu. Tattasai a jiƙa shi kafin a daka, kada a zuba shi gari kamar yadda mu Hausawa muke yi don rashin haƙuri. Daddawa kaɗan. Busasshiyar kuɓewa a ƙarshe, da ɗan ƙanƙanin kanwa, kuma in ta shiga kada a rufe tukunya. Ka ce miya kamar baƙo take, in ka rufe mata ƙofa sai ta yi fushi ta tsinke. Ni kuma na ba ka miyar taushe, da kabewa da yakuwa da gyaɗa. Ka ce ku mutanen Damagaram da za a bar ku, ko a ruwan alwala sai kun zuba gyaɗa.

Sai shekarun nan suka zo da albashi ya daina zuwa. Wata ya kama, wata ya mutu, ba labari. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗin sefa, ɗan abin da ke aljihu ya ƙara zama ba komai. Ɗan abin da nake samu kuwa Damagaram nake aikawa, yara suna can. Ban taɓa faɗa maka ba. In mun zauna sai in ba ka labarin gwiwata, da bayana, da haƙorin da ke girgiɗi. Jikina na shimfiɗa maka shi kamar tabarma, amma aljihu na ɗaure bakinsa. Har ƙarya nake yi maka. In ce jiya na yi taushe da ƙashin rago, in bayyana maka yadda mai ya taso a kai, alhali garin rogo na jiƙa da ruwa. Wata rana ka ce, Mushe, kabewarka mai albarka ce, ita kaɗai ke nuna a bazara. Ba ka ƙara komai ba. Ni ma na yi kamar ban ji ba.

Kai kuma ba ka taɓa ɓoye mini aljihunka ba. Na san abin da buhun tattasai ya yi a hannun ƴan kasuwar da ke haurowa daga Najeriya. Na san yadda suke biyan ka da naira, kafin ka kai ta gida ta narke kamar man kaɗanya a rana. Na san kuɗin man injin ban-ruwa, na san shekarar da kogi ya zo da wuri ya cinye maka rabin gonar Geskeru. Duk wannan ka faɗa mini kana dariya. Tun da ka buɗe mini wannan ƙofa haka, ban taɓa zaton akwai wata a rufe ba.

Kwanon nan nake son mu yi maganarsa, Bukar.

Ka san al'ada. Matarka Falmata ta gama girki, ta miƙo kwanon maigida ta bayan labule, ta koma ciki. Mace ba ta zama ta ga cin mijinta a zaure. Abin da take gani shi ne kwano in ya dawo. Da farko tare muke ci, hannuna da naka, har kana ture mini kan kifi gabana ka ce malamai ne ke buƙatar ƙwaƙwalwa. Daga baya sai ka fara janye hannu. Yau ka ce ka ci a gona. Gobe ka ce surukanka sun tare ka da fura. Jibi ka ce ƙurar tattasai ta ƙona maka ƙirji, sai an jima. Sai ka ƙirƙiro wata dabara, ka ce tun da ni ɗalibi ne, in ci in faɗa maka abin da aka sa a ciki, ka ga ko karatu ya zauna. Ina ci, kana tambaya. Tsakin geron nan na burabusko sau nawa aka turara shi? Man shanun kafin a sauke aka murza, ko bayan an sauke? In na kuskure ka ce kaico, gwamnati ta yi asarar alli. Kuma kullum sai ka ce in suɗe, don in kwano ya koma da saura Falmata za ta ce ka raina girkinta.

Na suɗe. Wata da watanni ina suɗewa. Kai kana riƙe da kofin shayi, kana kurɓa kamar mai tsoron ya ƙare.

Ba Sale kaɗai ya faɗa mini ba. Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani, ya tsayar da ni a hanya, ya ce in ina da iko da kai in kai ka Damagaram ko Maiduguri a duba maka wuya, abin ya fi ƙarfin ƙwayoyinsa. Na zo na yi maka maganar, amma ka san irin yin da na yi. Da gefen baki na yi ta, idona yana kan labule. Ka amsa mini da yadda ake danderu, a shafe naman da yaji, a rufe tukunya, a sa wuta sama da ƙasa har ƙashi ya saki. Ka bayyana shi har miyau ya cika mini baki. Na ce a raina, mai wannan magana lafiyarsa lau. Na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa, na ce asarar gona ce. Na ga kana yawan tofar da miyau a yashi kana rufewa da ƙafa, na ce tsufa ne.

Me ya hana ni yarda? Na daɗe ina cewa yarda da kai ce ta hana. Ba haka ba ne. Da na yarda da maganar, da dole in tsame hannuna daga kwanon, ni kuwa abincin yinina ke nan. Kakata takan ce mai jin yunwa ba ya ƙirga haƙarƙarin mai ba shi. Ina yaro na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Girki na ƙarshe da ka koya mini kunun tsamiya ne. Ka ce a dama shi ruwa-ruwa, a tace da kallabi, a sake tacewa, kada ko ɗigon tsaki ya rage, sannan a bari ya huce har ya zama kamar ɗumin jiki. Na ce wannan ai abincin jinjiri ne, Barebari sun fara ƙarewa. Ka yi dariya, ka ce in riƙe shi dai, wata rana zai yi mini amfani. Faɗa mini kake yi ke nan, ko? Iyakar yadda za ka iya faɗa ke nan?

Sauran ka san shi. Ka faɗi a gona lokacin tsinkar tattasai, ɗanka Ari ya haye da kai Maiduguri, likitoci suka ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, an makara. Da an zo bara, in ji su. Suka dawo da kai, ba ka yi nisa ba rai ya yi halinsa.

Bari in ba ka labarin gida, kada ka ce na cika ka da nawa. Ari yana riƙe da gonar, ya ƙara inji, bana dai tsutsa ta taɓa su kaɗan. Ya sayi wayar nan ta hannu da ake kira salula, yana tsaye a bakin kogi yana ciniki da mutumin da ke Maiduguri. Da kana nan da ka ce aljanu sun samu aiki. Sale mahauci ya rasu, ban samu na ba shi haƙuri ba. Albashi ya dawo yana zuwa, sai da na aje aiki ya ga dama. Yanzu ina da kuɗin ƙashin rago, amma likita ya ce jinina ya hau, ya hana ni gishiri, ya hana ni man shanu, haƙoran ma sun tafi. Yara suna ta cewa in koma Damagaram. Ina cewa sai an jima.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Falmata. Makon jiya ta aiko a kira ni. Na zauna a zaurenka, a gurbina na da, ita tana bayan labule. Ashe an yi suna a Geskeru, ƙanwarka ta faɗa cikin mata cewa yayanta da yunwa ya mutu a gidansa, matarsa tana nan ba ta sani ba. Tun ranar Falmata ba ta da sukuni. Ta tsufa, Bukar, muryarta ta zama siririya. Ta ce ita dai ta san abin da ta gani, kwanonka kullum fanko yake dawo mata, a suɗe, har tana jin daɗi tana ƙara man shanu. Ta ce shekarun nan duka abin da take riƙe da shi ke nan, cewa ko me ya same ka, ba ta bar ka da yunwa ba. Ta ce ni kaɗai ne nake zaune da kai, in faɗa mata tsakanina da Allah, kana ci ko ba ka ci?

Me kake so in ce mata? In ce ba ka ci, na tabbatar da maganar ƙanwarka, na ƙwace wa tsohuwa abin da take dogarawa. In ce kana ci, na yi rantsuwa a kan ƙarya. Kai ka haɗa wannan tukunya, ka tafi ka bar ni da saukewa. Ka ciyar da ni ba tare da ka kunyata ni ba, ka kwantar mata da hankali, ka ɓoye ciwonka, duk da kwano ɗaya. Ban taɓa ganin dabara mai kyau da ta yi muni irin wannan ba. Wani lokaci ina jin haushinka, wallahi. Da kwanon ya koma da saura ko sau ɗaya, da ta tayar da gidan, da an kai ka tun da sauran lokaci.

Na ce mata ban taɓa ganin kwanon ya koma da saura ba, kuma ban taɓa jin ka kushe girkinta ba. Sannan ta ce alhamdu lillahi, Allah Ya saka mini. Ban sani ba ko ta yarda, ko ita ma irin yardar da na yi ce. Na yi mata sallama na fito. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Nawa dai ya ci tuwon, yanzu ga shi yana riƙe da sauran.

Ba zan faɗa mata ba, na yanke. Ba zan faɗa wa Ari ba. Ko na so ma ba ni da hali, don tabbacin da nake da shi a wurin da ba a fitar da magana na same shi. Ka san ni na riƙe buta ina zuba ruwa liman yana yi maka wanka, kuma abin da mai wanka ya gani amana ne, ba ya faɗa wa kowa. Shi ya sa nake faɗa wa mai jikin. Da muka cire maka babbar rigar nan, sai na rasa inda kake. Na sa hannu ɗaya na juya ka, Bukar, hannu ɗaya, kai da kake ɗaukar buhun tattasai a kowace kafaɗa. Sale ya faɗa mini na yi dariya, majo ya faɗa mini na kau da kai. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe kai ne da kanka, a kan tabarmar wanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya ciyar da kai daga abincin da ba ya tsayawa a wuya. Ka yafe mini. Sai na zo.

Naka,
Mushe Isufu, wanda ya ci rabonka.