Mangwaro Biyar a Fadamar Surukina

Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Lambu ta Gaya, da kuma Mushe Abduljalil, malaminmu na karatun manya. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ni ne Zakari Harun, mai auren itace. Na san ba za ku ga wannan kaye, wato littafin rubutuna, ba, domin ƙarƙashin katifa yake kwana, amma an koya mana cewa ba a fara rubutu sai an gaida manya.

Ina sanar da ku cewa kafin a rufe gadar kan iyaka ni ne mai kula da lodi a tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya. Wasu suna cewa dako nake yi, wannan kuskure ne. Da aiki ya tsaya, aka koya mini auren mangwaro: a yanko reshen iri mai kyau, a tsaga gindin mangwaron gida, a haɗa su a ɗaure. Damina biyu ke nan ina cin gashin kaina, babu oga a kaina sai Allah.

Mahaifina direba ne, bai bar mana gona ba. Surukina, Baba Yakuba na Bana (Allah ya yafe mini rubuta sunansa), shi ya ara mini gefen fadamarsa, inda nake renon ƙananan itatuwa cikin leda. Abu ɗaya ke damuna. Duk sa'ad da nake son reshe sai na je lambun wani na roƙa. Sana'ar da ta dogara da roƙo ba ta kafu ba tukuna. Saboda haka na yanke shawarar dasa uwaye biyar a ƙasa, waɗanda zan riƙa yankar reshe a jikinsu har tsufana.

Laraba, 23 ga Yuli

Na bayyana wa matata Sakina tsarin nan daki-daki. Tana tsintar shinkafa, sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "A ƙasa, Malam?" Na ce a ƙasa mana, a sama za a dasa? Ta ce, "Baba ya sani?" Na nuna mata cewa mutum mai kunya ba ya tsare surukinsa da ƙananan maganganu. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin ya yi tsawo. Ban san dalili ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ranar dashen itace ta ƙasa baki ɗaya. Na dasa biyar ɗin, rami mai zurfi, taki a ƙasa, ƙasa mai laushi a bisa. Na kafa allo da rubutun hannuna: WURIN RENON ITACE NA ZAKARI HARUN. Babu harafin da ya karkace.

Siddo, ƙanin Sakina, ya biyo ta wurin da shanunsa na huɗa. Ya daɗe yana kallon allon ko da yake bai iya karatu ba. Ya ce, "Limamin mangwaro, sannu da cin gado! Tsohon bai mutu ba har ka fara rabo?" Na ce ya wuce kada shanunsa su fi shi hankali a gaban jama'a. Muka yi dariya. Ƙanin mata abokin wasa ne, ba a ɗaukar maganarsa a kai gida.

Amma na lura dariyarsa ta riga tawa ƙarewa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Abin farin ciki. Surukina ya aiko Siddo da ɗaurin ledar reno, sabuwa fil, mai yawa. Saƙon da ya biyo ta shi ne, wai leda ba ta ƙare a kasuwa ba. Na fahimci nufinsa sarai: yana ƙarfafa mini gwiwa in faɗaɗa aiki. Na aika da goro da godiya.

Sakina ta ga ledar, ta shiga ɗaki. Mata ba su cika gane harkar sana'a ba.

Talata, 12 ga Agusta

Na je Bana gaisuwa. Na durƙusa daga nesa kamar kullum. Ya amsa, bai tambayi aiki ba, bai tambayi ruwa ba. Ko haƙori ke damunsa?

Asabar, 16 ga Agusta

Na je Bengou, lambun Inna Aisata, dattijuwar da ke shugabantar mata masu albasa. A watan jiya ta so in yi wa itatuwanta duka aure rana ɗaya, na ƙi, na ce a fara da kaɗan a ga kamun hannuna. Yau na kwance ledar ɗaurin, duk sun kama sai ɗaya. Ta ce, "Kai ɗan nan, ashe ba baki kaɗai gare ka ba." Na ɗauki wannan a matsayin yabo. Ta yi alkawarin gaya wa sauran matan. Haka ake gina suna, lambu bayan lambu, ba da gaggawa ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Wata kyautar kuma daga Bana: dagi, irin na haƙa rami. Wannan karon babu saƙo. Na tambayi Siddo, ya ce, "Dagi dai aiki biyu yake yi, Ango. Ka riga ka yi na farko."

Na yi tunani mai zurfi, na gane cewa na biyun shi ne ramin shinge. Awaki sun fara leƙen uwayen nawa, dattijo ya hango abin da ban hango ba. Na haƙa ramuka, na kafa itace, na kewaye wurin da ƙaya. Yanzu ko kaza ba ta shiga.

Litinin, 25 ga Agusta

Sakina ta je gida ta dawo hannu wofi. Ba a taɓa yi ba. Ko ɗan ƙunshin kifi busasshe uwarta takan ba ta. Ta ce, "Yanzu a gidanmu matar mai gona ake ce da ni." Na ce alhamdu lillahi, girma ne. Ta dube ni kamar na yi magana da harshen da ba ta ji.

Na fara zargin ko allon ne yake da kuskure, mutane suna jin kunyar gaya mini. Na kwafe shi na kai wa Mushe Abduljalil, ya ce rubutu daidai yake. To mene ne?

Tuwon yau babu gishiri.

Juma'a, 29 ga Agusta



Siddo ya zo gida, ya ƙi zama, bai kira ni limami ba, bai kira ni ango ba. Ya ce, "Zakari, Baba ya ce bayan girbi yana son gefen fadamarsa. Rake zai sa." Ya juya.

Rake! Mutumin da ya aiko mini leda, ya aiko mini dagi. Na bi halina ɗaya bayan ɗaya ina neman laifi. Gaisuwa ban fasa ba. Da Sallah na kai abin da ya sawwaƙa. Ƴarsa ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba. Wurin da ya ba ni ciyawa ce da tsakuwa, na mai da shi abin kallo.

Na leda zan iya kwashewa a amalanke, ko da yake ban san inda zan kai su ba. Uwayen nan fa? Jiya na ga sun fitar da sabon ganye, ja, mai laushi kamar kunnen jariri. Sun kama ƙasa. In aka ce rake, gatari za a sa musu, ni kuma in koma ƙofar lambunan mutane da ƴar wuƙata.

Laraba, 3 ga Satumba

Na koma Bengou duba aiki. Inna Aisata ta ce fuskata kamar an yi mini sata. Ban yi niyyar faɗa ba, domin sirrin gida ne, amma na faɗa, tun daga leda har rake.

Ta ce, "Tsaya. Gonar taka ce?" Na ce ta aro ce, amma ta surukina. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ta ce, "Ka dasa itace a gonar aro. Ka kafa sunanka. Ka kewaye da ƙaya. Kai, ɗan tasha ne kai na gaske!"

Na nemi ta yi mini bayani a tsanake. Ta ce wanda aka ara wa ƙasa yana shuka abin da za a girbe a tafi, gero ko shinkafa ko albasa. Itace kuwa yana nan bayan mai ƙasa ya mutu, bayan mai aro ya mutu. Ran da jikoki suka tsaya gaban maigari, ba a tambayar wa ya ara wa wa, domin masu sanin haka suna kabari. Itacen ake nunawa a ce wa ya dasa wannan. Wanda kakansa ya dasa, shi ke tafiya da ƙasa.

"An aiko maka leda, wato ka mai da su cikin leda. An aiko dagi, wato ka tone. Me kake jira, a aiko maka da makaho ya karanta maka?"

Gaskiya na taɓa jin wannan magana a tasha, amma na ɗauka tsakanin bare da bare ne. Na gaya mata haka. Ta ce, "Bare ai da tuni an gaya masa a fuska. Kai ne ba a iya gaya wa."

Har yanzu ban gane yadda za a ce na yi ƙwace ba alhali ban nufa ba. Amma ledar... ledar dai ta zauna daidai.

Asabar, 6 ga Satumba

Na tambayi Sakina me ya hana ta faɗa mini. Ta ce, "Ai na tambaye ka, 'a ƙasa?' Siddo ya faɗa maka da baki, ka ce shanunsa sun fi shi hankali. In na ƙara, a ce na bi bayan gidanmu. In na yi shiru, a ce na bi bayan miji a cinye gadon ƙannena. Ina zan sa kaina, Malam?" Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba.

Da hantsi na ɗauki dagin na tafi Bana. Na kafa bakinsa a gindin uwa ta farko. Na tsaya. Na koma gindin ta biyu, wai ko ta fi sauƙi. Saiwar da ta kama in aka tone ta a wannan lokaci, da wuya ta rayu, wannan sana'ata ce, na sani. Na dawo da dagin ko ƙasa bai ɗauka ba.

Allon dai na cire. Iska ce take neman kayar da shi.

Talata, 9 ga Satumba

Wani tunani ya zo mini. Tun da tambayar da ake tsoro ita ce wa ya dasa, a ba da amsarta tun yanzu, kowa yana raye, a gaban mutane. Sakina tana cewa ita ta fara faɗin haka tana wanke-wanke. Ban tuna ba.

Sai dai in na ce na Baba ne, to me na gina? Roƙon da na gudu shi zan koma, a gonar da na haƙa da hannuna. Na juya wannan magana har kaina ya yi zafi, ban ga bakinta ba. Duk da haka na aika Siddo ya nemo mini izinin zuwa. Na tsara jawabi shafi biyu.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bayan an sauko daga masallaci aka taru a fadama. Na buɗe ƙayar da kaina. Na durƙusa. Jawabin yana aljihuna, na kasa fito da shi, ban san me ya sa ba. Abin da na ce kawai shi ne: itatuwan nan biyar na Baba ne, da ƴaƴansu da inuwarsu da ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Ni da zuriyata ba mu da ko ganye. Reshe nake roƙo, in an ba ni.

Surukina bai dube ni ba. Ya karɓi fartanya a hannun Siddo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana jawo ƙasa yana tarawa a gindin kowace, yana dannawa da ƙafarsa. Tsoho ne, abin ya ɗauki lokaci, babu wanda ya taya shi. Da ya gama ya yi magana da Dendanci, harshensu, fuskarsa wajen Siddo.

Siddo ya ce, "Ango, wai yanzu shi ya dasa, kowa ya gani. Wai reshe ka yanka har wuƙarka ta gaji. Rake kuma ya fasa, bayansa ba ya son sunkuyo." Tsohon ya ƙara wata kalma. Siddo ya ce, "Wai kuma ka mayar masa da daginsa, aro ne shi ma." Aka yi dariya. Na yi, daga baya.

Ban gama gane ko na samu ko na rasa ba. Uwayen suna nan, ba nawa ba ne, gobe kuma zan yanki reshe a jikinsu. Sakina ta dawo da ƙunshin kifi.

Da la'asar wata mata daga ƙungiyar Inna Aisata ta kira ni a talho tana son a dasa mata mangwaro. Kafin in ce komi na tambaye ta, gonar ta wa ce? Wannan ba wani sauyi ba ne, ƙari ne kawai a tsarin aikina. Allon kuma na kwantar da shi bisa duwatsu, rubutun yana kallon ƙasa, yana yi wa ƙananan na leda inuwa. Dama sun fi bukatarsa.

Waɗanda suka ga abin da ya gudana da idonsu, domin ko bayan ranmu: Liman Isma'il na Bana, Alfari, wanda gonarsa ta yi iyaka da fadamar ta gabas, Abdu, wakilin maigari, Inna Aisata, da ta taso tun daga Bengou a kan moto, Siddo ɗan Yakuba, da Sakina, wadda ta tsaya can bayan shinge, amma ta ce ta ji komi.