Shuɗin Duron Inna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ƙari da ya fito min a wuya, bai kai kan yatsa ba. Kada Inna ta ji.

Likita ta ce ƙwayoyin jikin mutum kamar maƙwabta suke, suna tsawata wa juna. Sinadarin da muke shaƙa a kamfanin fenti yana toshe musu kunne, sai ɗaya ta yi ta hayayyafa, ba mai ce mata ya isa.

Shuɗin duron da Inna ke tara ruwan sha, irinsa ake zubo mana sinadarin. Don Allah ki fasa shi yau. Za ta yi faɗa, na sani. Gara in dawo in tarar tana faɗan.

Ƙaninki