Sun Bar Sunan Babana A Waje, Bayan Shi Ya Ceci Kayan Silimar

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana, mu 'yan Zangon Wagadugu duk mun san juna. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, abin da zuciyata ke saƙa mini ba alheri ba ne.

Babana shi ne mai haska fim a wata tsohuwar silima da ke bakin Zango, irin mai bene da jan labule, tun ba a haife ni ba. Da aka rushe unguwarmu aka watsa mu bayan gari, ginin ya tsira amma aka rufe shi, rufin ya fara yoyo. Baba da kansa ya turo injin a amalanke, da gwangwanayen finafinai da tsofaffin fastoci, ya ba su ɗaki guda a gidanmu, mu muna kwana a matse. Duk Juma'a sai ya goge injin ya sa masa mai, har ya makance bai daina ba, da lalube yake yi.

Bara mijin ƙanwata ya kafa ƙungiyar gyara silimar, ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce a ba shi kayan a mayar da su inda suka fito. Baba har hawaye ya yi don murna. Kuma sun gyara, ba zan yi masu ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Shekaranjiya na je gani, sai ga allon ƙarfe a bakin ƙofa, an rubuta da Faransanci wai marigayi Alhaji, uban shi mijin ƙanwar tawa, shi ne ya adana kayan. Sunan Baba ko a ƙasa babu. Na kira mijin ƙanwar tawa, ya ce wai masu ba da tallafi sunan da aka sani suke so, kuma ai duk gida ɗaya ne. Na gaya masa abin da ke bakina, ya kashe waya.

Jama'a, wannan Alhajin fa shi ne ya taɓa kai takarda meri, wato ofishin magajin gari, yana neman a rushe silimar ya gina shagunan atamfa. Kwafin na hannuna da sa hannunsa, a akwatin Baba na same shi. Ranar buɗewa, Asabar ɗin nan, an ba ni minti biyar in yi magana a madadin iyali. Wallahi so nake in karanta takardar nan da ƙarfi, gaban ɗan nasa da baƙinsa da 'yan jarida, in fassara ta da Hausa da Mosanci, yaren 'yan garin, in tsaya ina kallon fuskarsa. Ƙanwata ta ji, ta zo da tsohon cikinta tana kuka, ta ce in na yi aurenta ya mutu. Na ji tausayinta, amma ban huce ba.

Abin da ya fi ci mini rai, da na dawo ranar Baba ya ce, "Uwata, kin ga allon? Sun rubuta sunan daidai?" Na ce, "Daidai, Baba." Yanzu ya sa an wanke masa babbar riga, ya ce Asabar in kama hannunsa in ɗora a kan allon ya shafa da kansa. Haruffan masu tudu ne, kuma Baba ya iya karatu.

Ku gaya mini, in karanta takardar ko in ƙyale? In kuma na ƙyale, me zan ce wa tsohon nan idan yatsunsa suka kai ƙarshen layi?