Ranar da Kunnena Ya Ƙi Yin Fito

Zuwa ga 'yata, Likitar Gida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya fama da marasa lafiya? Mu nan sai godiya. Mamanki na gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san makaranta ta fi sanina a tsakar fili fiye da cikin aji.

Labarin da ke akwai shi ne an turo mana jami'in kula da lafiyar ma'aikata a makaranta. Hular kwano yake sawa har a ofis, shi ya sa muke ce masa Mai Kwano. Ya zaga ko'ina yana girgiza kai. Ya hana malamai ɗora kujera kan tebur su hau gyaran fanka. Ya ce a kwashe karyayyun bencina da aka jibge a ƙofar baya ta ɗakin malamai, aka amsa masa da irin "to" ɗin nan da ba ta da ƙafafu. Ya kuma kafa doka: in aka ji ƙararrawa ba tsayawa, gobara ce, kowa ya fita filin ƙwallo. Da aka sanar za a gwada, yara suka fita, malamai suka leƙo ta taga da kofin shayi a hannu.

Sai ya iso kaina. Ya ga na doki tsohon wilin motar nan da ke rataye a bishiya, wanda shi ne ƙararrawarmu, ya toshe kunnuwansa, ya tambaye ni ko ina jin wani sauti in na kwanta. Na ce ƙwarai, fito ne, tun kina goye yake raka ni barci. Na zaci zai yaba. Ashe maganarki ce ta hutun da ya wuce, cewa ƙarar na lalata mini kunne, sai dai shi da hula ya faɗe ta. Ya ba ni marufin kunne, kamar an haɗa murafen kwano biyu. Sannan ya shawarci Shugabar makaranta ta sayo ƙararrawar lantarki.

Nan ne abin ya dame ni, 'yata. In wayar lantarki ta karɓe aikina, ni kuma fa? Ban iya zaman gida ba. Mamanki har ta fara nuna mini inda rufin kaji ke yoyo. Kada ki gaya mata na damu.

Babanki,
Mai Ƙarfe

Zuwa ga Likitar Gida,

Ina gaishe ki, ina fatan kin fi ni kwanciyar hankali. Jikina lafiya, mutuncina ne ke jinya.

Na bi umarninki da na Mai Kwano, na sa marufin. To ni ban taɓa ƙirga duka ba. Kunnena ne ma'aunina: in ya fara fito da ƙarfi, na san ya isa, in ajiye ƙarfe. Ranar da na fara sa abin, lokacin tara ya yi, na juya wa azuzuwa baya kamar kullum, na doka. Sai na ji ɗan "tum" can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Na ce yau wili ya yi sanyi, na ƙara ƙarfi. Ina jiran fito, fito bai zo ba. Na ci gaba da zuciya ɗaya, har ina yaba wa kaina cewa tsufa bai taɓa damtsena ba.

Ban farga ba sai da aka riƙe mini hannu. Na waiwaya, ga Shugaba da takalmi ƙafa ɗaya, bakinta na ta motsi. A bayanta kuwa makaranta ce kaf a filin ƙwallo.

Tunda ba a sanar ba, malamai sun yarda wuta ce. Suka yi ƙofar gaba gaba ɗaya, suka cushe. Suka juya ta baya, bencina suka ce ba hanya. Malamin lissafi, kin san jikinsa, ya zaɓi taga. Rabinsa ya fita, rabi ya ƙi. Malamin motsa jiki ne ya fizgo shi, suka faɗi tare, malamin lissafin ya gurɗe a ƙafa. Malamar kimiyya ta bar jakarta da wayarta, ta tsira da butar shayi. Mai Kwano kuwa ya riga yara isa fili. Horo da daɗi.

Dariya nake ba ki, amma da na ga an ɗauki malamin lissafi a kafaɗa, sai na tambayi kaina: Da wutar gaske ce fa? Shugaba ta ce in same ta ofis gobe. Na goge rigata mai kyau. In korar ce, a kore ni da tsabta. Ki sa ni a addu'a.

Babanki

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Gaisuwa da sa albarka. Saƙonki ya iso, har da faɗan da ke ciki. Wannan ba a wurina kika gado shi ba.

A ofis, malamin lissafi ya zo da sanda yana neman a sallame ni. Mai Kwano ya tambaye shi ko ni na toshe ƙofar baya.  Kafin a tashi ranar, malamai da hannunsu suka kwashe bencinan, malamin lissafi kuma yana zaune yana ba da umarni da sandarsa.

Ƙararrawar lantarki dai an kafa ta. Kukanta kamar na sauro mai mura, amma yara sun saba. Sai dai Shugaba ta ce wutar da ke ɗaukewa ba sallama ba za a damƙa mata rayukan mutane ba. Don haka wili yana nan don gobara kaɗai, ni ne mai kula da shi, kuma kowace safiya ina zagayawa in tabbatar ƙofofi na buɗewa. Wato an bar ni a aikina da sharaɗin kada Allah ya sa in yi shi. Wani lokaci ina wucewa in shafa shi, ba na ɓoye miki.

Na je an duba kunnen kamar yadda kika matsa. Sun ce abin da ya tafi ya tafi, amma a lallaɓa sauran. Fiton ma ya ɗan lafa tunda na daina duka.

Jiya da safe zan fita, na ji mamanki tana magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida kamar yadda ta saba. Shekara da shekaru na ɗauka da kaji take. Ashe addu'a take Allah ya dawo da ni lafiya, har da kiran sunana. Na tsaya a bakin ƙofa har ta shafa. Daga nan ta ɗauko zancen rufin kaji, ni kuma na sa marufina na fita.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Mai Ƙarfe