Abin da Aka Yi wa Batulu

Yamai, Fabrairu 2022

Zuwa ga Yaya Rahina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya garin Agiye, yaya fama da 'yan lakol, ɗalibanki?

Yaya, alfarma nake nema, kuma na fi son in rubuto da in kira, don kada ki katse ni da faɗa yadda kika saba. Littafi nake son rubutawa a kan ayarin sojan nasara, Turawan Faransa, da ya ratsa ƙasarmu zamanin kakar Inna yana ƙone garuruwa. Ke da kike koyar da tarihi kin fi ni sanin yadda littafin lakol ya tsallake maganar da 'yan layuka. Mu kuwa a cikin gidanmu abin yake. Tun muna yara muke jin ana kiran mahaifiyar Inna Baturiya, in muka tambayi dalili sai a aike mu ɗebo ruwa.

Don Allah in kin je Tibiri ki lallashi Inna ta ba ki labarin kakarta Batulu. Ni namiji ne, in na tambaye ta kunya za ta hana ta. Ki gaya mata na yi alkawari duniya za ta ji gaskiyar abin da aka yi mana.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Bilyaminu

Agiye, Afrilu 2022

Bilya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Na je Tibiri da hutu. Da fari Inna ta ƙi, ta ce me za ka yi da kukan matattu. Sai ranar da zan komo, muna tsince wake, ita da kanta ta soma.

Batulu tana matar aure a ƙauyensu, mijinta Jibo ya tafi daji da shanu, a farkon damina, ayarin ya iso. Nasaru kaɗan ne bisa dawaki, sauran sojoji baƙar fata ne irinmu. Suka nemi gero da masu dako. Da aka ce babu, sai suka cinna wa rumbuna wuta. Wanda ya gudu aka harbe shi, wanda ya tsaya aka sare shi. Gawarwakin suka zuba a rijiyar gari, har da ta uwar Batulu. Ita kuma aka ɗaura mata igiyar guga a wuya tare da wasu mata, aka kora su gabas a ƙasa. A hanya ɗaya daga cikin nasarun ya ware ta don kansa. Nan Inna ta koma kan tsintar wakenta, ni ma ban matsa ba.

Da ayarin ya hargitse wajen Tasawa, Batulu ta gudo. Ta nan Agiye ta bi har ta isa gida wajen Jibo, ƙafafunta duk sun fashe. Daga baya ciki ya bayyana. Jibo ya yanka rago ya raɗa wa jaririya suna Hamdiya, ya riƙe ta 'yarsa har ya mutu. Mutanen gari kuwa da suka ga fata da gashi suka laƙaba mata Baturiya.

Abin da ya fi ci wa Inna rai shi ne wanda ya biyo baya. Aka riƙa raɗe-raɗin wai Batulu bin nasara ta yi don kwaɗayin zane da sukari. Inna tana yarinya ta sha dambe a bakin rijiya a kan wannan magana, kuma har yau akwai gidajen da ake faɗinta. Ga saƙonta yadda ta faɗa: “Ki ce wa Bilya ban hana shi rubuta komai ba, amma ya rubuta cewa da igiya aka ja ta. In ya rubuta wannan, ko gobe na mutu na huta.”

Ka ji amana. Allah Ya ba ka sa'a.

Yayarka,
Rahina

Agiye, Nuwamba 2024

Bilyaminu,

Bayan gaisuwa, na karanta littafinka. Ba kai ka aiko mini ba, duk lokacin da na tambaya sai ka ce yana hanya. Mushe Abdulaziz, malamin da muke koyarwa tare, ya ara mini nasa yana taya ni murnar kyautar da aka ba ka a Faransa. Yanzu na gane abin da ya sa hanyar ta yi tsawo.

Ina igiyar, Bilya? Na nemi shafin na rasa. Abin da na tarar wani laftanan ne, hafsan nasara mai tausayi, wanda ya ceci Batulu daga hannun baƙaƙen sojoji, ya ba ta ruwa a gorarsa. Ka sa kakar uwarmu ta bi shi tantinsa da ƙafarta, ka sa tana kukan rabuwa da shi. Jibo, da ya rufa mata asiri, ka mai da shi azzalumi mai duka. Ko sunayen ba ka sauya ba.

Da a Faransancin ya tsaya da na haɗiye ni kaɗai. Amma wani gidan rediyo a Maraɗi ya yi shela za a yi bayanin littafin ɗan Tibiri da Hausa. Inna ta sa aka share tsakar gida, ta dama fura, ta gayyato matan unguwa, har da waɗanda iyayensu suka yi mata gori, don su ji da kunnensu an wanke kakarta. Suna zaune mai gabatarwa ya ce labari ne na soyayya tsakanin Batulu da wani sojan nasara. Wata tsohuwa ta dubi ta kusa da ita ta ce, “Ashe dai.”

Inna ta kashe rediyo. Ta zuba wa kowa fura, ta raka su har zaure. Tun ranar ba ta sake zuwa suna ko biki ba. Da na je na same ta, abin da ta tambaye ni kawai, “Rahina, ke kika faɗa masa ba daidai ba?”

Ni na lallashe ta ta buɗe baki, don haka ni ma ka mai da ni maƙaryaciya a idonta. Ka ba ni amsar da zan kai mata.

Rahina

Yamai, Disamba 2024

Yaya Rahina,

Ina gaishe ki, ko da na san gaisuwata ba ta da daɗi a kunnenki yanzu. Abin da ya faru a tsakar gidan Inna ya hana ni sukuni. Amma ki saurare ni.

Rubutun farko da igiyar a ciki. Na kai wa masu ɗab'i ɗaya bayan ɗaya suna maido mini. Wadda ta karɓa daga ƙarshe ta ce masu karatunsu ba za su jure littafin da babu nasara ko ɗaya mai imani a ciki ba, sai an ba su wanda za su raɓa. Na zauna na auna: ko in bar shi a akwati har gara ta cinye, ko in sassauta wuri guda sauran ya fita. Rijiyar tana ciki, Yaya. Rumbunan suna ciki. A wani taro a can Faransa wata dattijuwa ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce ba ta taɓa sanin ƙasarta ta yi haka ba. Yanzu har ana maganar a sa shi cikin karatun lise, wato sakandare. Wannan ba komai ba ne?

Kuma ƙagaggen labari ne, ba littafin tarihi ba. Batulun ciki ba lalle tamu ba ce. Sunayen na bar su ne don girmamawa. Ban taɓa zaton zancen zai komo Tibiri da Hausa ba.

Ki taimake ni ki fahimtar da Inna. Ba ta ɗaukar kirana. Ina son in zo da hutu in durƙusa gabanta, amma ba na son in zo ta juya mini baya.

Ƙanenki har kullum,
Bilyaminu

Tibiri, Disamba 2024

Bilyaminu,

Na karanta wa Inna wasiƙarka duka, ban rage ba ban ƙara ba. Daga nan maganarta ce, hannu ne kawai nawa.

“Ina gaishe ka. Na ji wata ta yi kuka a Faransa, Allah Ya share mata hawaye. Gida na ubanka ne, ba mai hana ka shiga. Tunda ka ce ba ka zaci zancen zai zo da Hausa ba, to ka taho da littafin. Zan tara dangi, na Gazawa da na Gidan Rumji duka. Ka zauna gabana ka karanta mana shi da Hausa, da bakinka, kana duban fuskata. Kada ka tsallake wurin tanti. In ka iya kai ƙarshe, sai mu yi maganar yafiya. Allah Ya kawo ka lafiya.”

Ta ce in bar shi haka.

Rahina